Hancin Baba Mai Faci

Wani dare, ba a daɗe da idar da sallar isha ba, Baba mai facin keke ya ji wani sauti a gidan hayar da yake zaune. Ba kukan gyare ba ne, ba hucin maciji ba. Siriri ne, yana ja ba ya yankewa, kamar wani ya ɓuya a cikin bango yana cewa a yi shiru. Matarsa ta ce famfon tsakar gida ne. Ya tuna mata rabon famfon da ruwa kwana uku. Ya ajiye cokali, ya bi sautin da kunnensa ɗaya mai ji har ƙofar maƙwabcinsa mai tallan burodi. A nan hanci ya karɓi aikin.

Shekara talatin da bakwai Baba yana fitowa da sassafe, ya share rumfa, ya cika bahon da yake tsoma roba don neman huji, ya hura gawayin dutsen gugar da yake danne faci da shi. Amma duk keken da aka kawo, kafin ya kusanci gawayin, sai Baba ya gangara da shi bakin titi, ya durƙusa, ya danna bawul, ya kai hanci. Masu kekuna suka sa masa suna Karen Farauta. Wasu har tambayarsa suke wace miya aka kaɗa yau a cikin tayar. Sai ya yi murmushi da rabin fuskar da ke iya murmushi.

Tsofaffin layin sun san dalili. Tun yana saurayi wani mutum ya kawo keke, bai faɗa ba cewa surukinsa mai cika tukwanen gas ne ya ɗura wa tayar gas ɗin girki. Baba ya kwance bawul a gefen garwashi. Wuta shuɗiya ta tashi, taya ta fashe. Ta tafi da girarsa da kunnensa na hagu. Mai keken, da ya sunkuya yana nuna inda hujin yake, har yau da sanda yake lalube hanya.

Warin gas ɗin nan ne ya tare shi a ƙofar mai burodi. An ɗauke wuta, taga a rufe saboda sauro. Maigidan ya fita, ya bar kekensa jingine kusa da katifa don tsoron ɓarayi, jaririyarsu kwance a ƙarƙashin sarƙar keken. Matar na tsugune da ashana a hannu za ta kunna maganin sauro.

“'Yata, kada ki ƙyasta,” in ji Baba a hankali. “Ɗauki yarinyar ki fito.”

Ya saɓa keken a kafaɗa, tayar na masa tsaki a kunnen da ya mutu, ya kai shi fili ya sauke sauran gas ɗin. Da mai burodi ya dawo ya ce famfon iskarsa ne ya lalace, abokinsa na shagon gas ya taimaka ya ɗura wa tayar gas, har abokin ya ce keken zai fi gudu. Ai iska iska ce, in ji mai burodi.

“Wadda Allah ya ba mu kyauta ba ta kama wuta,” in ji Baba.

Kai ne, Baba, ka durƙusa a gaban tayoyin talakawa shekara da shekaru ana maka dariya, kuma masu dariyar suka koma gida da idanunsu. Mai hancin da ya fi jiniya. Babu wanda ya san yawan fuskokin da ka tsare, domin gobarar da ba ta tashi ba ba a ba da labarinta.

Bara wani zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya tashi, ya kai kwalbar kananzir hanci bai ji komai ba. Ya gwada fetur, ya gwada albasa. Bai jira kowa ya gane ba, ya ce ba zai hura gawayi kusa da tayar da bai shinshina ba, ya rufe rumfa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Masu faci na yanzu, ku durƙusa kamar yadda ya durƙusa. Masu kekuna, famfo in ya lalace ku tura keken da hannu, ƙafa ta fi ido saurin hucewa.

Ranar da ya kwashe kayansa maƙwabta suka taru suna masa sannu da aiki. A tsallaken titi sabon mai faci ya jawo wani keke har gindin garwashinsa, yana dariya da mai shi. Matar mai burodi ta gyara goyon 'yarta, ta dubi mutanen.

“To yanzu wa zai riƙa shinshina mana?”

Baba ya ƙulle bakin buhunsa.