Baba Sikeli Bai Sa Hannu Ba

Kafin mai shara ya buɗe ofishinmu, shi ya riga ya ɗaure kayansa a bayan babur: wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, taku ɗaya ta kowane gefe, da almakashi, da buhunan takarda, da ɗan sikeli mai ƙugiya. Saboda sikelin nan makiyaya suka laƙaba masa Baba Sikeli, har sunansa na yanka ya ɓace. Shi ne mai auna ciyawa a sashenmu, ni kuma allurar dabbobi nake yi. Shekara goma sha tara muna zaune a tebur ɗaya.

In ya isa filin kiwo sai ya juya baya, ya cilla ƙarfen ta kan kafaɗa. Inda ya faɗi nan zai durƙusa, ko kan ƙaya ne. Ya ƙirga irin ciyayin da ke ciki, ya yanke, ya shanya, ya auna, ya rubuta. Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Baba, wannan jifa ta baya kuma ta mece ce?" Ya ce, "Ido munafuki ne, abokina. In raina fes, wuri mai kyau zan zaɓa. In mun yi da uwargida da safe, ƙeƙasasshe zan nema."

Shekarar da ya ga gamba tana ja da baya a gefen gabas, tafasa tana cin wurin, ya roƙi makiyaya su hutar da gefen damina biyu. Shugabansu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko akuya ba ka da ita, kai za ka koya mana kiwo?" Sau biyu aka sace masa iskar taya, ya turo babur har gida. Bai fasa komawa ba, har suka yarda don dai ya ƙyale su. A shekara ta uku ruwa ya ɗauke da wuri, gefen nan shi ya riƙe shanun gida arba'in har faɗuwar damina. Shugaban da bakinsa ya gaya mini, ina yi wa marukansa allura: "Ba don mahaukacin nan naku ba, da fatu zan kai kasuwa."

To, ga sakayyar. Bara aka kawo mana sabon darakta, wani kamfanin noma kuma ya ƙyalla ido a kan filin. Ƙa'idar sashenmu ta ce ba a ba da filin kiwo sai mai auna ciyawa ya sa hannu cewa ya mutu, ba ya iya ciyar da dabba. Darakta ya kira Baba, ina tsaye a wurin da fayil a hannu. Ya ce ya je ya sake awo a bakin rijiya, ƙarshen rani.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, bakin rijiya ko da damina fayau yake, kofato ya gama da shi. Kamar ka ce in ƙirga gashi a tafin hannu ne."

"Kai dai ka jefa ƙarfenka inda aka ce maka."

"Ni ban taɓa gaya masa inda zai faɗi ba."

Shi ke nan fa. Aka karɓe babur. Aka mai da kujerarsa lungun sito, kusa da tsofaffin tayoyi. Da aka ga bai karaya ba, kwatsam sai ga kuskure an gano a shekarun haihuwarsa, wai ashe ya wuce lokacin ritaya. Kuskuren da ya yi shekara ashirin da bakwai yana barci a fayil! Ranar sallama aka raba lemo, aka ba shi agogon bango, darakta ya kira shi "ubanmu". Makiyayi ko ɗaya bai zo ba, don ba wanda ya gaya musu. Ni ma ban gaya musu ba. Na tafa tare da masu tafi, kuma wallahi har yau abin yana cin raina.

Matarsa ta ce mini har yanzu da sassafe yakan sa takalmin daji ya zauna a ƙofar gida. "Na ce, Malam, ina za ka? Ya ce babu, ƙafar ce ta saba."

Baba Sikeli, kai ne ka durƙusa kan ƙaya don shanun da ba naka ba. Kai ne aka zaga daga daji, aka wulakanta daga ofis, ba ka ƙara wa awo ko tsinke ɗaya don faranta wa kowa ba. Mai gaskiyar sikeli, mun gode. Allah ya biya ka, don mu dai mun kasa, kuma ni ina neman gafararka a gaban jama'a.

Takardar ba da filin tana nan kan teburin darakta, gurbin sa hannu babu komai. Ranar Litinin sabon mai auna ciyawa zai kama aiki. Ban san ka ba, ɗan'uwa, amma na san za a tarbe ka da fara'a, a ba ka sabon babur, a nuna maka hanyar rijiya. Kafin ka taɓa biro, ka je gidan dattijon nan ka gaishe shi, ka roƙe shi ya zaga da kai filin da ƙafa. Gida arba'in ba su da wani wurin da za su kora shanunsu, kuma ba su ma san akwai takardar ba.