Takabar Yayata a Garagumsa

Yayata kurma ce tun haihuwa, mijinta ma haka. A unguwar Zango ta Damagaram suka yi zamansu, shi yana ɗinki, ita tana tuyar ƙosai. Kowace Juma'a bayan la'asar kuramen gari kan taru a ƙofar shagonsa, a yi ta hira da hannu har rana ta faɗi. Ni kaɗai ce a gidanmu na iya maganarsu, don a tabarma ɗaya muka tashi da ita.

Da ya rasu, danginsa suka ce a gidansu na Garagumsa za ta yi takaba. Na yi ta faɗa, na ce da wa za ta yi magana a can? Aka ce mini mai takaba ai ba hira ta je yi ba. To, an fi ƙarfina, na raka ta.

Uwar mijin ba muguwa ba ce, wannan kam zan faɗa. Ta share mata ɗaki, da hannunta take dama mata fura. Sai dai abin da ta sani shi ne mai takaba ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta nutsu. Yaya kuwa da ido take ji, da hannu take magana. Sai ta wuni kai a ƙasa, hannu cikin mayafi, ba ta san wa ya shigo ba, ba ta san me aka ce ba.

Ina nan ranar da ƙawayenta kurame suka yi hayar mota daga Damagaram suka zo gaisuwa. Suka fara tuna marigayi yadda suka saba: wannan ta kwaikwayi tafiyarsa, waccan ta nuna yadda yake yanke zare da haƙori, fuska na motsi, hannuwa na tashi. Yaya ta ɗago kai, tana kuka tana amsa musu. Sai ƙanin mijin ya leƙo ya ce, "Wannan wane irin wasa ne a gidan mutuwa?" Na ce masa ta'aziyya suke yi. Ya ce a ba su ruwa su kama hanya. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma abin takaicin, ni aka sa na sallame su da hannuna.

Washegari dole in koma, ga aikin lakwal, wato makaranta, ga yara babu mai duba su. Na shiga ɗakinta, na ɗaga hannu zan yi mata sallama. Sai ta kama hannuwana biyu ta danne su a cinyarta. A wurin kurame wannan babban rashin kunya ne, daidai yake da toshe wa mutum baki, kuma Yaya ba ta taɓa yi wa kowa haka ba. Mai mota yana ta ƙwala mini kira daga waje. Na zauna ina kallonta, babu halin ko in ce mata zan dawo.