Hamisu Mai Kulas da Motar Lawali

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba da hantsi, Hajo maƙwabciyata ta kawo mini koko kamar kullum, ta ajiye kwanon, ta ce, "Mushe, Hamisu na garaji ya cika." Na tambaye ta ko ya yi jinya. Ta ce kwana biyu kawai. Na sha kokon duka, don ba ni da mai ɗumama mini shi in ya huce.

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota tsakanin Madarumfa da Maraɗi ya san marigayi. Sana'arsa kulas, wato ƙarfen nan da ke rufe saman inji, inda buji da sufaf, wato fulogi da bawul, suke zama. Direban da ke son motarsa ta ƙara ƙarfi, wurinsa yake zuwa. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Idan aka kawo masa kulas, sai ya kife shi a kan tebur, ya cika ramukansa da kalanzir, ya tafi sallar azahar. In ya dawo ya tarar kalanzir ya ragu, alamar kulas ɗin na yoyo, ko kallon mai shi ba ya yi. "Ɗauke bolarka," in ji shi. Ya kan ɗora gilas a fuskar ƙarfen ya leƙa ko haske na wucewa. Ya kan ce, "Ni ba na ba doki ƙarfi sai na ga linzaminsa," yana nufin birki.

Ni malamin lakwal ne da ya yi ritaya, shi ya sa ake ce mini Mushe, ni nake karanta masa lambobi da takardun Faransanci da ke zuwa da kaya. Shekaru muka yi a haka. Bai taɓa ce mini na gode ba. Gaban direbobi ya kan ce, "Mushe ya san sunan kowane ƙarfe, amma ba ya iya kwance noti."

Lawali shi ne ɗana, shi kaɗai Allah ya bar mini. Yana jan tsohuwar mota mai ɗaukar mutum tara zuwa kasuwar Jibiya. Sababbin motoci suna yin sawu uku kafin ya gama biyu, abin ya dame shi. Sai ya samo wani kulas daga ƙetaren iyaka, mai manyan sufaf, an kankare fuskarsa don matsi ya ƙaru. Muka kai wa Hamisu tare. Kalanzir bai ragu ba, haske bai wuce ba. Na duba lambar, ta yi daidai da ta injin.

Hamisu ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana kaɗe riga. "Kulas ɗin lahiya lau yake. Ba ni sa shi."

"Don mi, Baba Hamisu?" in ji Lawali.

"Don birkinka na tsohuwa ne, kai kuma hankalinka na ɗan akuya. Tahi ka sayo na talakawa irin wanda ka ɓata."

Direbobi suka yi dariya. Na ga idon ɗana ya kaɗa. Na ce, "Malam Hamisu, takarda ta ce ya dace."

"To takarda ta ɗaura maka shi."

Ni ne na ce wa Lawali ya kai motar Maraɗi. Can aka ɗaura. Mako uku motar tana wuce kowa, yana dawo mini da tsire da yamma yana dariya. A mako na huɗu, a wata gangara kafin iyaka, amalanken jaki ya shigo hanya. Birki bai riƙe ba. Lawali ya rasu nan take, da shi da wata mata mai sayar da ƙuli.

Hamisu ya zo gaisuwa ran uku. Zaure cike da mutane. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mushe, mi takarda ta ce yanzu?"

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka ciro kulas ɗin daga ɓaraguzan motar, ya rataye shi da waya a ƙofar garajinsa. Duk saurayin da ya zo neman gudu, sai ya nuna masa: "Wannan na Lawali ɗan Mushe ne." Hanyar masallaci ta gaban garajin ta bi, ba ni da wata. In ya hango ni da sandata, ya kan ɗaga murya don in ji. Matata ta daina bin layin har ta rasu. Direbobi da yawa sun ce wannan ƙarfen ne ya sa suka gyara birki, kuma na yarda. Ban yarda cewa sai da sunana zai yi aiki ba.

Ran da aka binne Hamisu, a maƙabarta liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Mutane suka amsa. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na dawo gida ina jin na yi daidai.

Jiya na bi ta garajin. 'Ya'yansa sun share wurin, sun sayar da tsofaffin ƙarafa ga masu awo, har da kulas ɗin da ke ƙofa. Babbansu ya gaishe ni da ladabi, ya kawo mini kujera. Na ce masa, "Ka tuna Lawali?" Ya ce, "Wane Lawali, Baba?" A nan na gane cewa mutum ɗaya ne ya rage a garin nan yana kiran sunan ɗana da ƙarfi, ko da don ya ƙona ni ne, kuma shi muka binne.

Hamisu, na yafe maka, ko da yake na makara, kuma ba da daɗin rai ba. Allah Ya jiƙanka, Ya sassauta maka tambaya fiye da yadda ka sassauta mini. Allah Ya ba iyalinka haƙuri, Ya sa albarka a hannun 'ya'yanka. Ya jiƙan matar nan mai ƙuli da ban san sunanta ba. Ya jiƙan Lawali. Amin.