Kujerun Aron Mai Guga

Duk layin an san Mai Guga da abu ɗaya: ba a taɓa ganinsa a yamutse ba. Rigunansa ba su da yawa, amma kullum karinsu a tsaye, wuya fes, kai ka ce wani babban ofis zai je. Alhali shagon nasa ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, tebur ɗaya, dutsen guga na gawayi, da igiyar da kayan mutane ke jere a kai. Tun yana saurayi yake tsaye a bakin teburin nan, har ƙafafunsa suka fara kumbura da yamma.

Mutum ne da ya fifita rufin asiri a kan cikinsa. Ko an kwana ba a ɗora tukunya ba, in ka tambaye shi gida zai ce sai godiya. Matarsa kan yi masa tsiya, wai ko zazzaɓi ne ya kama shi sai ya goge riga kafin ya kwanta.

Babbar 'yarsa ce ta samu gurbin karatun aikin jinya. Kuɗin makarantar ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, amma gwamnati na da tallafi ga ɗaliban da samun gidansu bai kai wani mizani ba. Yarinyar ta nema. Aka ce wata jami'a za ta zo gida ta ga halin da suke ciki.

Nan fa hankalin Mai Guga ya tashi, kuma ba tallafin ne ya tayar masa da shi ba, baƙuwar ce. Ya dubi tsohuwar tabarma, ya dubi bangon da ruwa ya ci, ya ji kunya ta rufe shi. Ya aro kujerun kushin a gidan maƙwabci. Mai gyaran rediyo ya ba shi wata ƙatuwar talabijin da ko kunnuwa ba ta yi. Labulen wata mata da aka kawo guga ma sai da ya rataya shi a ƙofa.

'Yar ta ce, "Baba, ai rashin namu suke son gani."

Ya ce, "Ke dai yi shiru. Mutuniyar gwamnati guda, a zaunar da ita a ƙasa?"

Jami'ar ta zo, ta nutse cikin kujerar aro, aka ajiye mata lemo mai sanyi. Ta bi ɗakin da kallo tana rubutu.

"Malam, kamar nawa kake samu a wata?"

Sai ya faɗi abin da ya samu a watan da wani otal ya ba shi wankin zannuwan gado, watan da bai sake maimaituwa ba. Bai cire gawayi ba, bai cire hayar shago ba. Da ta tambayi ko akwai abin da ke gagarar su, ya yi murmushi ya ce, "Ai mu sai godiya." 'Yar na bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Amsar ba ta jima ba. Samun gidansu ya haura mizani, ba su cikin masu samun tallafi.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ya rufe shago ya tafi ofishin da ke ba da tallafin, 'yar na biye da shi. Layi ya yi tsawo, ƙafafunsa na zugi. Da ya isa gaban tagar ma'aikacin da ke sauraron jama'a, ga mutane a bayansa suna ji, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa ko ɗan'uwansa ba.

"Ranka ya daɗe, kujerun nan ba nawa ba ne. Ba ni da komai. Akwai ranar da ba ma cin abinci."

Ma'aikacin bai yi masa tsawa ba, da ma ya yi. Ya dai ɗago ya dube shi, ya mayar da ido kan aikinsa.

"Baba, duk wanda aka hana haka yake faɗa. An rufe na bana, sai baɗi."

Makarantar kuwa ba ta ajiye wa kowa gurbi har baɗi. A hanyar gida yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce masa ai na faɗa maka ba. Da suka zo tsallaka titi, ta ga yana ɗingishi, sai ta riƙe hannunsa. Wannan riƙon ne ya kasa jurewa, ya tsaya a bakin titi yana share fuska.