Ranar da na saki kajin Tanti kiwo a Lyon

Shekarun baya, lokacin ina sabon zuwa Faransa, kan kanape, doguwar kujerar abokina, nike kwana a Saint-Denis. Wata biyar ina nan, har ya fara yi mani sallama irin ta mai son a tashi. Ana haka tantina, wato gwaggona, da ke wajen Lyon ta kira ni. Za ta tahi Maraɗi sati ukku, tana son mai kula mata da kaji. Ta ce in ta dawo ta tarar da su lahiya, ɗakin ɗanta da ya yi aure ya zama nawa.

Ɗaki da ƙohwa da makulli! Na ce, "Tanti, ni da na tashi cikin kaji? Lekol, karatun boko, ita ce ta gagare ni, ba kaza ba."

Da na isa, na tarar kaji huɗu ne cikin 'yar garka bayan gida, an kewaye su da waya. Akwai wata ja mai ƙiba, ita ce 'yar lelen. Tanti ta nuna ta da yatsa ta ce, "Wannan ko mura ta yi, ka kira ni." Ta ƙara da cewa kar in buɗe musu ƙyaure. Na ce to, amma can cikin raina dariya nike. A garinmu wa ke kulle kaza? Da sahe a sake ta, da magariba ta kawo kanta.

Kwana biyu na daure. Na ukku na tsaya ina kallonsu cikin waya kamar 'yan kaso, tausayi ya kama ni. Na buɗe na ce, "Ku tahi ku ga Turai, 'yan mata."

Da magariba ukku suka dawo. Jar ba ta dawo ba.

Washegari na zagaye kartiye, unguwar kaf. Na leƙa ƙarƙashin motoci, na leƙa bayan kwandunan shara. Tsohon Bature maƙwabcinmu ya hango ni ya tambayi abin da ya ɓace. Da na faɗa mai, sai ya girgiza kai ya ce yanyawa na yawo a nan, bara ta cinye mai zomaye. Na gode, tsoho. Ka kwantar mani da hankali ƙwarai.

Tanti kuwa kullum da la'asar sai ta kira bidiyo. "Nuna mani su." Sai in juya kamara sauri sauri in ce rezo ba kyau. Ta ce, "Ina jar?" Na ce tana ciki tana ƙwai. Gobe ma ƙwai. Abinci ya daina shiga. Na kira abokina neman shawara, ya ce, "Kai dai kar ka dawo mani, na riga na saba da miƙe ƙahwa."

Rana ta ukku da ɓatan jar na ga ƙaryar ta ƙare. Na kira Tanti, na faɗa mata komai. Sai ta ce:

"Ja'iri. Nan Maraɗi ce aka ce maka?"

"A'a, Tanti."

"Ka kira kazar kuwa?"

"Har muryata ta dushe."

"Yo ta san ka ne? Ɗauki gwangwanin hatsinta, ka jira."

Sai ga vokal, saƙon murya, ta shigo, minti guda cur, Tanti na kiran kaza da 'yar siririyar muryar da ban taɓa jin ta yi ma mutum ba. Haka na hita titi da rana tsaka, talho a sama ya ƙure ƙara, ɗayan hannun na kaɗa gwangwani. Turawa na ɗaga labule. Wata mata da karenta ta tsallaka ɗaya gehen.

Zagaye na biyu na ji motsi cikin shingen tsohon nan. Sai ga ta ta hito, tana taku kamar hajiyar da ta sauka daga jirgi. Ashe tana bayan rumbun itacensa, ta gama mai da salati, har da ƙwai biyu ta bar mai. Na rungume ta, wallahi saura kaɗan in yi kuka.

Da Tanti ta dawo ta miƙo mani makulli ta ce, "Ba don kaza na ba ka ba. Don ka faɗa da bakinka ne. Tun ranar farko na gane, jar ba ta ƙwai da la'asar."

Har yau in na yi ɓarna, da wuri nike faɗi, don na ɗanɗana kwana ukkun nan. Vokal ɗin kuma tana nan cikin talhona. Shekara nawa muna tare, Tanti ba ta taɓa kirana da wannan muryar ba, ko sau ɗaya.