Alhaji Lado da Fitsarin Aro

Alhaji Lado ɗan Kutawa ne, amma a kasuwar Dutsin-Ma ya yi suna da harkar hatsi. Rumfata na kallon shagonsa shekara da shekaru, saboda haka kada wani ya ce ban san shi ba. Mutum ne da ya yarda duniya ba ta da aikin yi sai haɗa masa sammu. In wanzami ya yi masa aski, da kansa yake tsugunawa ya tsince gashin tas, ya je ya binne. Kai, da sawun ƙafa na naɗuwa, da ya naɗe nasa ya tafi da shi gida.

Da zafin bazara ya matsa, sai ya sayo fanka mai ruwa, irin wadda ake cika wa ciki ta riƙa feso sanyi. Ya tuttula mata turare mai tsada don masu shigowa su san Alhaji ya ci gaba. To, turaren nan ne ya hana a taɓa zubar da ruwan. In ya ragu, a ƙara wani a kai. Ruwa ya kwana ya wuni cikin zafi har ya yi yauƙi, Alhaji na gaba ya buɗe hanci. Gefensa kullum Malam Sabitu ne, mutumin Kurfi mai auna masa hatsi, amininsa tun samartaka, wanda bai taɓa ce masa a'a ba.

Sai zazzaɓi ya kayar da Alhaji, ga tari, ga gudawa. Aka sha maganin maleriya, aka sha na taifot, shiru. Da numfashi ya fara gagara aka kwashe shi sai asibiti.

Dakta Mardiya ta duba hoton ƙirjinsa, ta yi ta tambaya har ta iso kan fankar. Ta ce tana zargin wata ƙwayar cuta, Lijiyonela, mai hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye. Ba daga mutum ake ɗaukarta ba, a feshin ruwan ake shaƙarta ta sauka a huhu.

"Baba Alhaji, fitsarinka za mu aika Katsina a auna. A cikinsa alamarta ke fitowa."

"'Yata, ƙirji ke ciwo, me ya kawo zancen fitsari?"

Ta sake yi masa bayani, ya gyaɗa kai. Tana fita ya jawo Sabitu.

"Malam, fitsarina a kwalba, da sunana a jiki, ya hau mota har Katsina? Hannu nawa zai taɓa shi? Ai an gama da ni ke nan! Shiga bayi ka cika masu."

Sabitu, wanda shi ma jikinsa ya fara zafi yana tari ƙasa-ƙasa, ya ce, "To, Alhaji." Ya cika kwalba, washegari ya koma Kurfi ya kwanta.

Sakamako ya dawo, cutar ce. Likita ta ce maganin da ta riga ta ɗora shi a kai shi ne daidai, a ci gaba. Ta sa a je a zubar da ruwan fankar. Sannan ta tambaya, "Akwai wanda ke zama da kai a gabanta? In yana tari a kawo shi yanzu, ciwon nan ba ya jira."

Jama'a, a nan ne raina ke ɓaci. Alhaji ya san fitsarin wa aka auna. Ya san a jikin wa aka ga cutar. Amma ya kuma san Sabitu bai iya ƙarya ba, in an kawo shi zai faɗi komai, a dawo a ce sai shi Alhaji ya ba da nasa fitsarin. Ya dubi yarinyar nan ido cikin ido ya ce, "Ba kowa. Ni kaɗai nake zama."

Ba a ce bai yi komai ba, a'a. Ya aika Kurfi da maganin taifot daga kemis, da buhun gero, da saƙon Allah ya sawwaƙe. Shi kuwa ya miƙe garau, har ya yi ƙiba.

Ran da aka sallame shi Sabitu ya cika. A motata muka tafi ta'aziyya ni da Alhaji, a hanya ne ya amayar mini da duk wannan, yana kuka yana roƙona in rufa masa asiri. Na ci gaba da tuƙina, don da na buɗe baki da na sauke shi a daji.

Muka shiga gidan. Mairo, matar marigayin, ta yi magana daga bayan labule, muryarta ta dishe.

"Alhaji, kana kwance kai ma, amma ba ka manta da shi ba. Har ya cika yana cewa a tambayo masa jikinka. Allah ya saka maka da irin abin da ka yi masa."

Duk muka ce amin. Alhaji ya motsa baki, amin ɗin ta ƙi fitowa.