Ramin da ya raba Baba da masallaci

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi ba ya gani, kuma a cikinsu babu ranar da wani ya riƙe masa hannu zuwa masallaci. Yana fita zaure sai ya dafa bangon gidanmu da hagu, sanda a dama, ya bi har inda bangon ya ƙare. Daga nan akwai ɗan gangaren da ruwan wanki ya ci, sai dutsen da mai shayi ke zama a kai, sai yashi mai laushi, sai tabarma. Da tafin ƙafa yake gane su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, kuma taurin kansa ya fi na jaki. Ni na gado shi, kowa a unguwa ya shaida.

Mu biyu ne a gidan. Dukanci nake yi, jakunkuna da matasan fata, kuma tun da baƙi suka daina zuwa Agadas kayan ke jibge a ɗaki suna bushewa. Don haka ranar da rediyo ta ce gwamnati ta samo kuɗin jawo fibir optik, wayar nan da ake binnewa don antarnet ta yi sauri, har guɗa na yi. Na ce zan riƙa ɗaukar hoton kayana ina aikawa garuruwan da ban taɓa gani ba. Da leburori suka zo haƙa a layinmu ni na kai musu ruwan randa, a shekarar da fari ya sa muke bin layin famfo tun asuba. Wallahi da hannuna na shayar da su.

Rami suka yi har ƙugu, ya bi tsawon layi, ya ratsa tsakanin ƙarshen bangonmu da masallaci. Suka shimfiɗa wani jan tiyo a ciki, babbansu ya ce mini, "Hajiya, sati guda mu rufe." Satin bai cika ba sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakoki, masu ba da kuɗin suka janye hannu. Leburori suka watse, ko shebur ba su bari ba.

Maƙwabta suka gitta katako. Baba ya gwada sau ɗaya. Ina kallo sandarsa ta zame daga gefen katakon ta shiga iska, ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya ja da baya. Liman da kansa ya zo ya ce zai riƙa biyowa yana ɗaukarsa. Baba ya ce, "Malam, na gode. Ni ba kaya ba ne da za a ɗauka a sauke." Ni kuwa mace ce, ko da ya yarda ba zan ratsa sahun maza da shi sau biyar a yini ba. Ya koma salla a zaure, yana jin kabbarar liman ta bayan katanga yana bi.

Raina ya ɓaci, wata safiya na ɗauki kwanon sha da fartanya na cike ramin daidai inda yake takawa. Kafin azahar mai unguwa ya iso yana zufa. Ya ce, "Ɗiyata, ki rufa mana asiri. Tiyon nan kayan gwamnati ne, kuma kin san zamanin da muke ciki." Na faɗa masa maganganun da har yau ina jin kunyarsu. Ya sa aka kwashe ƙasar. Tsoro yake ji, ni ma da na huce tsoron ya kama ni. Na je meri, ofishin magajin gari, sau uku. Na farko aka ce aikin ba nasu ba ne, na Yamai ne. Na biyu aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na uku mai gadi ya tausaya mini ya ce, "Madam, ki adana kuɗin kabu-kabunki."

Haka muka zauna wata da watanni. Awakin makiyayan da fari ya koro gari suna faɗawa ramin, ana ciro su. Ƙafafun Baba suka fara kumbura saboda zama. Ya daina tambayata ko an zo, ni kuma na daina yi masa ƙaryar cewa gobe ne. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce kamar a lokacin ba.

Ran nan kwatsam sai ga wasu leburorin da babbar mota. An sake samo kuɗi, in ji su. Safiya ɗaya suka zura waya, suka rufe, suka bi layin duka da inji suka daddaɓe shi sumul. Na yi murna, na ruga na gaya wa Baba. Ya sa na ɗauko masa farar riga tun kafin kiran azahar.

Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa. Ya bi bango har ƙarshe, ya miƙa sanda yana neman gangare. Babu gangare, sun cike shi. Ya yi gaba yana lalube dutsen mai shayi, shi ma sun ture shi can gefe. Ƙasa duk ta zama iri ɗaya. Ya yi taku goma, ya karkata, ya juya, ya sake juyawa, har ya tsaya a tsakiyar hanya ya ba masallaci baya. Aka ta da salla, layi ya yi tsit. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba.

Ya gane takuna. Na ce, "Baba, masallacin na bayanka, taku kaɗan ne, bari in juya ka." Ya dogara sandar da hannun dama. Sannan ya miƙo mini ɗaya hannun ya ce, "Mai da ni gida."

Na mai da shi. Bai sake fita ba sai a makara.